Inbata Ta Matafiya: Abubuwan Da Mai Saye Da Mai Sari Ya Kamata Su Duba Kafin Su Biya Kuɗi

LEGAS — Na'urar nan da ake kira inbata, wadda ke juya wutar batir zuwa irin wutar da ake amfani da ita a gida, ta daɗe da zama abokiyar tafiyar masu yawon shaƙatawa a ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya, musamman waɗanda ke kwana a tanti, ko a cikin motocin nan masu ɗaki da gado da madafa da ake kira karaban. A yau kuwa irin waɗannan ƙananan na'urori, sababbi da na hannu, ana samunsu a rumfunan kayan lantarki na kasuwar Alaba da ke Legas da sauran manyan kasuwannin ƙasar nan, inda direbobin manyan motoci da fatake da 'yan kwangila masu aiki a daji da masu sana'ar cajin waya suke sayensu domin biyan bukatunsu.

Bukatar na'urar ta ƙaru tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, abin da ya sa ciyar da ƙaramin janareto ya zama nauyi ga mai ƙaramin jari. Haka kuma sakin darajar Naira da aka yi a watan Yuni na wannan shekarar ya ɗaga farashin duk wani kaya da ake shigowa da shi da dala. Saboda haka kuskure wajen zaɓen inbata ya daina zama ƙaramar hasara, domin na'urar da ba ta dace ba takan ƙone, ta kashe batir, ta lalata kayan da aka jona mata, wani lokaci ma ta jawo gobara a cikin mota.

Babban abin da ya kamata a gane shi ne, lambar nan mai girma da ake rubutawa a jikin kwali ba ita ce ma'aunin nagartar inbata ba. Nagarta tana tattare da abubuwa huɗu: irin wutar da na'urar ke fitarwa, da ƙarfin da za ta iya riƙewa na dogon lokaci, da batirin da ke ciyar da ita, da kuma wayar da ta haɗa su.

Inda kasuwar ta samo asali

Yawo da karaban tsohuwar al'ada ce a Ingila. A shekarar 1885 ne wani likita marubuci, Dokta William Gordon Stables, ya fara yawon shaƙatawa a cikin wani keken doki mai ɗaki da aka ƙera masa a birnin Bristol, kuma a 1907 aka kafa ƙungiyar masu karaban ta ƙasar. Daga baya harkar ta zama babbar masana'anta. A Amurka, inda garin Elkhart na jihar Indiyana ya zama cibiyar ƙera irin waɗannan motoci, kamfanoni sun fitar da sama da guda 600,000 a shekarar 2021, kafin adadin ya sauko zuwa kimanin 313,000 a 2023. A Jamus kuwa ana yin baje kolin Caravan Salon kowace shekara a birnin Dusseldorf, inda masu ƙera motocin da kayan haɗinsu ke nuna hajarsu.

A sansanonin da aka tanada domin matafiya a Turai akan sami turaku masu soket, inda mai karaban zai jona motarsa ya sami wuta. Amma wutar a ƙayyade take, galibi amfiya 16 ko 10 ko 6. Wanda kuma ya yada zango a bakin kogi ko a kan tsauni, inda babu turke, batirinsa ne kaɗai madogararsa. Wannan bukata ta samar da kasuwa ga kamfanoni irin su Victron Energy da Mastervolt na Holan, da Xantrex da aka kafa a Kanada, da Dometic na Suwidin, da Redarc na Ostareliya, tare da ɗimbin masana'antun ƙasar Sin waɗanda kayansu suka fi yawa a kasuwannin duniya. Halin da mai zango a daji ke ciki bai bambanta da na direban tirela da ya kwana a hanyar Lokoja ba, shi ya sa darasin da waccan kasuwa ta koya yake da amfani ga ɗan kasuwar Nijeriya.

Aikin da na'urar ke yi

Batir yana ba da wuta mai tafiya miƙe ta fuska ɗaya, wadda ake yi wa alama da haruffan DC, kuma a ƙaramar mota ƙarfinta bolt 12 ne. Kayan gida kuwa an ƙera su ne domin wuta mai kai-da-komo, mai alamar AC, wadda a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, tana kuma yin zagaye 50 a cikin kowace daƙiƙa. Aikin inbata shi ne ta yayyanka wutar batir da sauri ƙwarai, ta ɗaga ƙarfinta, sa'an nan ta fitar da ita a siffar wutar gida.

Na'urar ba ta ƙirƙirar wuta, kuma ba ta adana ta. Abin da batir ya ba ta shi take juyawa, har ma takan cinye wani kaso a matsayin zafi. Inbata mai kyau takan miƙa kashi 85 zuwa 92 cikin 100 na abin da ta karɓa. Bugu da ƙari, ko ba a jona mata kome ba, muddin tana kunne tana shan wuta. Wadda ke shan amfiya 1 a zaune za ta janye amfiya-awa 24 a yini da kwana, wato kusan rubu'in batir mai amfiya-awa 100, ba tare da ta yi wa kowa aiki ba. Don haka adadin abin da na'ura ke sha a zaune yana daga cikin lambobin farko da ya kamata a nema a takardar bayaninta.

Iri biyu na wuta

Inbata iri biyu ce a kasuwa. Ta farko tana fitar da wuta mai lanƙwasa sumul, kamar wadda kamfanin rarraba lantarki ke kawowa, ita ce 'yan kasuwa ke kira fiyo-sayin. Ta biyu tana fitar da wuta mai hawa da sauka kamar matakala, ana kiranta modifayid. Ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba, domin kayan cikinta ba su da yawa.

Kayan da aikinsu zafi ne kurum, kamar dutsen guga na gargajiya da tsohon ƙwan fitila, ba su damu da bambancin ba. Amma duk abin da ke da mota a cikinsa, kamar fanka da firji da famfon ruwa, idan aka ɗora shi a kan modifayid yakan yi gurnani, ya ɗauki zafi fiye da kima, kwanansa ya ragu. Rediyo da lasifika sukan yi tsiwa. Wasu cajojin batir na kayan aiki, da injin buga takarda na lesa, da na'urorin asibiti irin mai taimakon numfashi da wasu ke kwana da ita, sukan ƙi aiki ko su lalace. Ganin haka ne ya sa akasarin masu karaban a Turai suka koma ga fiyo-sayin da farashinta ya sauko. Wanda zai jona firji ko kwamfuta ko kayan mutane da aka ba shi amana, kamar mai cajin waya, bai kamata ya yi ciniki a kan wannan batu ba, domin araha ba ta ado.

Lambar da ke jikin kwali

Kowace inbata tana da lambobi biyu na ƙarfi. Akwai ƙarfin da za ta iya riƙewa awa bayan awa, akwai kuma ƙarfin tunkuɗa, wanda take iya bayarwa na ɗan ƙiftawar ido ko 'yan daƙiƙoƙi. Na biyun galibi ninki biyu ne na na farko. Masu ƙera kaya marasa inganci sukan rubuta na biyun da manyan haruffa, su ɓoye na farkon a cikin ƙaramin rubutu ko su bar shi gaba ɗaya. Na'urar da aka rubuta wa wat 2,000 tana iya zama mai wat 1,000 a zahiri, ko ƙasa da haka.

Akwai kuma ruɗanin da ke tsakanin wat da ma'aunin VA ko kVA, wanda da shi aka fi sayar da inbata da janareto a Nijeriya. A mafi yawan na'urori, wat ɗin gaskiya kashi 80 cikin 100 ne na VA. Ke nan inbata mai kVA 1.5 tana ɗaukar kimanin wat 1,200.

Ƙarfin tunkuɗa yana da nasa muhimmancin. Kwamfiresar firji ko famfon ruwa, a lokacin da zai tashi, yakan ja wuta ninki 3 zuwa 7 na abin da yake sha idan ya daidaita. Firjin da ke cin wat 80 yana iya neman wat 400 ko fiye a daƙiƙar farko. Idan inbata ba ta iya ba da wannan ba, sai ta yi ƙara ta ɗauke, ko da kuwa a lissafin takarda ta fi ƙarfin firjin.

Lissafi kafin zuwa kasuwa

Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce mai saye ya fara da kayansa, ya ƙare da na'ura. Alal misali, a ɗauki ɗan kasuwa mai motar bas da ke bin kasuwannin mako yana kwana a cikinta. Yana da fanka mai wat 50 da zai kunna awa 8, wato wat-awa 400. Yana da kwamfutar cinya mai wat 60 ta awa 4, wato 240. Ƙwayayen fitila 4 masu wat 10 kowanne na awa 5 sun ba da 200. Cajin wayoyi 10 masu wat 10 kowace na awa 2 ya ba da 200. Sai ƙaramin firji mai wat 80, wanda kwamfiresarsa ke aiki kimanin awa 10 a yini da kwana, wato 800.

Idan aka kunna su duka a lokaci guda, jimillarsu wat 330 ce. In aka ƙara tunkuɗar firji, bukatar na iya kaiwa wat 650 na ɗan lokaci. Saboda haka inbata fiyo-sayin mai riƙe wat 600 zuwa 800 ta wadatar da shi, har da rarar da ake so a bari ta kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Sayen mai wat 3,000 ba zai ƙara masa kome ba illa tsada da yawan shan wuta a zaune.

Abin da kayan ke ci a yini kuwa wat-awa 1,840 ne. Idan aka lissafa da hasarar kashi 10 cikin 100 a cikin na'urar, batir zai ba da kimanin wat-awa 2,040, wato amfiya-awa 170 a kan bolt 12. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ke nuna ainihin kuɗin da za a kashe, domin a irin wannan tsari batir ya fi inbata tsada.

Batir shi ne rumbu

Batirin tayar da mota an ƙera shi ne domin ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi, altaneta ta mayar masa nan take. Idan aka riƙa zuƙe shi har ƙasa, ba ya jure wa fiye da 'yan lokuta kafin ya mutu, ga kuma haɗarin wayewar gari mota ta ƙi tashi a inda babu mai taimako. Masu karaban sun magance wannan da ajiye batir na biyu, na musamman domin zama, tare da na'urar da ke raba shi da na injin idan mota ta tsaya.

Batirin zama iri biyu ne. Na dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, ya fi sauƙin kuɗi, amma ana so kada a janye fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Mai amfiya-awa 100 yana ba da kimanin wat-awa 600 ke nan, nauyinsa kuma yakan kai kilo 25 zuwa 30. Na biyu shi ne na litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta wa LiFePO4, wanda ya fito daga binciken ayarin Farfesa John Goodenough a Jami'ar Texas a tsakiyar shekarun 1990. Ana iya janye kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa, kuma nauyinsa bai kai rabin na dalma ba.

A misalin mai bas ɗin nan, zai bukaci amfiya-awa 340 na dalma, wato batir biyu masu 200 kowanne, ko kuma litiyam mai 200. Wajen kwatanta farashi, bai kamata a tsaya ga kuɗin ranar saye ba. Batirin dalma mai 100 da ya jure caji da saukewa sau 500 zai ba da yunit 300 na wuta a duk rayuwarsa. Na litiyam mai girma ɗaya da ya jure sau 2,000 zai ba da kimanin yunit 2,000. Raba farashin kowanne da wannan adadi shi ke nuna wanda ya fi araha a gaskiya.

Sai dai batirin litiyam yana da wani allo a cikinsa mai kula da lafiyarsa, wanda ke yanke wuta idan aka wuce iyaka. A yawancin masu amfiya-awa 100, iyakar amfiya 100 ce, wato abin da ya isa inbata mai wat 1,000. Wanda ya jona mai wat 2,000 a kan irin wannan batir guda ɗaya zai ga wuta na ɗaukewa, ya ɗora wa inbata laifin da ba nata ba.

Dole kuma a yi tanadin mayar da abin da aka janye. Farantin sola mai wat 200 yakan tara wat-awa 700 zuwa 800 a rana mai hasken awa 5, don haka mai bukatar 2,000 a yini zai nemi faranti na wat 500 zuwa 600. Motocin Turai na zamani kuma suna da altaneta mai rage ƙarfinta da kanta domin tsimin mai, wadda ba ta cika batir na biyu sai an saka caja ta musamman a tsakaninsu.

Waya da fis

Mutane da yawa sukan yi mamakin kaurin wayar da inbata ke bukata. Dalili kuwa shi ne, idan bolt ya yi ƙasa, amfiya takan yi yawa. Hanya mai sauƙi ta ƙiyasi a kan bolt 12 ita ce a raba wat da 10. Kayan wat 1,000 suna jan kusan amfiya 100 daga batir. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kimanin amfiya 185, kuma tafasa ruwa na minti 5 yakan ci amfiya-awa 15. Wannan ne ya sa akasarin masu zango ke dafa abinci da gas, su bar wa batir fitila da firji.

Soket ɗin kunna taba na mota yana da fis mai amfiya 10 zuwa 15, saboda haka ba ya ɗaukar fiye da wat 120 zuwa 180. Duk inbatar da ta wuce haka tilas a jona ta kai tsaye a kan batir.

A ɗauki nisan mita 2 tsakanin batir da na'ura, wato mita 4 na waya zuwa da dawowa, da amfiya 100 a cikinta. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 10 za ta zubar da bolt 0.7, ta kuma mayar da wat 70 zafi. Mai kaurin 35 za ta zubar da bolt 0.2 ne kurum. Da yake yawancin na'urori sukan ɗauke idan wutar da ke isa gare su ta sauko zuwa wajen bolt 10.5, siririyar waya kan sa inbata ta yi ƙarar batir ya ƙare alhali yana da sauran caji. Akwai kuma wayar da cikinta alminiyam ne aka yi mata fatar jan ƙarfe, wadda ba ta ɗaukar fiye da kusan kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe tsantsa ke ɗauka. Kankare bakin wayar da wuƙa yakan tona asirinta, domin farin cikinta zai bayyana.

Wajibi ne a saka fis a kan wayar da ke fitowa daga kan batir mai alamar tarawa, kusa da batirin ƙwarai. Idan babu shi, waya ta goge ta taɓa jikin mota, batir zai tura ɗaruruwan amfiya a cikinta, nan da nan ta yi ja ta kama wuta. Aiki ne da ya kamata a miƙa wa ƙwararren ɗan rewaya.

Ga wanda bukatarsa ta wuce wat 1,500 zuwa 2,000, tsarin bolt 24 ya fi dacewa, domin yana raba amfiya biyu. Direbobi kuma su lura cewa manyan motocin ƙirar Turai, irin su DAF da MAN, suna aiki ne da bolt 24. Jona musu inbata mai bolt 12 yakan sa ta ƙi tashi ko ta ƙone.

Zafi da ƙura

Ƙarfin da kamfanoni ke rubutawa galibi an auna shi ne a zafin digiri 25. Idan zafi ya ƙaru, ƙarfin yakan ragu, shi ya sa kamfanonin kirki ke ba da lamba ta biyu ta digiri 40. Ga mai amfani da na'ura a Nijeriya, inda cikin motar da aka rufe a rana ke wuce digiri 50, lamba ta biyun ce ta fi kusa da gaskiya. Batirin dalma ma zafi na cin kwanansa, inda ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 ke rage rayuwarsa da rabi. Ana so a ɗaura inbata a wuri mai iska, a bar sarari a gaban fankarta, a kuma riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga kafofinta.

Ƙasar da aka ƙera dominta

Wannan batu ya fi shafar masu shigo da kayan hannu. Inbatar da aka ƙera domin kasuwar Amurka da Kanada tana fitar da bolt 120 da zagaye 60, ta Japan kuwa bolt 100. Ba su dace da kayan Nijeriya ba, kome kyawunsu da sauƙin kuɗinsu. Ta Ingila da sauran Turai da Ostareliya tana fitar da bolt 230 da zagaye 50 kamar na nan, sai dai bakin soket ɗin ya bambanta. Ta Ingila ce mai ƙafa uku masu kusurwa irin wadda aka saba da ita a ƙasar nan.

Dangane da takardun inganci, kayan Turai suna ɗauke da alamar CE, na Amurka kuma akan gwada su a kan ƙa'idar UL 458 da aka tsara domin na'urorin motoci da jiragen ruwa. A nan gida, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ta fara shirin SONCAP a shekarar 2005, wanda ya wajabta wa mai shigo da kayan lantarki samun takardar shaidar inganci kafin kwastan su saki kayansa. Amma tambari a jikin kwali abu ne mai sauƙin bugawa, don haka mai sari ya nemi takardar gwajin kanta daga hannun kamfani.

Gwaji a gaban mai shago

Gani ya kori ji. Akwai gwaje-gwaje da mai saye zai iya yi kafin ya biya. Na farko, ya duba fis ɗin da ke jikin na'urar. Inbata mai bolt 12 da ke iƙirarin wat 1,000 tana bukatar fis na wajen amfiya 100 ko fiye. Idan jimillar fis ɗinta amfiya 40 ce, ba za ta wuce wat 480 ba, kome aka rubuta a kwali. Na biyu, ya dubi kaurin wayar da aka haɗo ta da ita da girman kusoshin da ake ɗaura wayar. Na uku, ya jona mata fanka ya saurara, domin gurnani alama ce ta modifayid. Na huɗu, ya ɗora mata kaya mai nauyi da ya san ƙarfinsa, kamar dutsen guga, na tsawon mintoci, ya ga ko za ta riƙe.

Har ila yau ya tabbatar tana da kariya daga yawan lodi, da zafi, da haɗuwar waya, da raguwar batir. Ya karɓi rasit mai lambar na'urar da garanti a rubuce, ya kuma tambayi inda ake gyara da samun kayan canji. Mai sari da ya yi waɗannan gwaje-gwaje a kan samfur kafin ya yi odar kwantena ya tsare jarinsa da sunansa, domin kayan da ake dawowa da su suna cinye riba fiye da ragin da aka samu wajen saye.

Ga wanda ba ya son ɗawainiyar haɗa waya, akwai akwatunan wuta na tafi-da-gidanka na kamfanoni irin su EcoFlow da Jackery da Bluetti, waɗanda suka haɗa batir da inbata da caja wuri guda. Suna da sauƙin amfani, amma ƙa'idar lissafi ba ta canja ba: a duba wat ɗin da suke riƙewa, da wat-awa ɗin da ke cikinsu, da bolt ɗin da suke fitarwa.

Tsare rai

Wutar bolt 230 da ta fito daga inbata tana kisa kamar wadda ta fito daga falwaya. A Turai ƙa'ida ta tanadi saka na'urar yanke wuta idan ta ɓalle, mai aiki a kan miliamfiya 30, a cikin kowane karaban. Haramun ne a fasahance a jona bakin inbata a soket ɗin da ke haɗe da wutar gari ba tare da cenji-oba ba, domin wutar biyu za su yi karo, ko kuma a tura wuta kan layin da ma'aikaci ke gyara. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, saboda haka ba a rufe shi a akwati ɗaya da inbata, ba a kuma ajiye na'urar kusa da tukunyar gas ko jarkar fetur.

A taƙaice, mai neman inbata abin dogaro zai fara da rubuta kayansa da awoyin da zai yi amfani da su, ya fitar da girman batir, sa'an nan ya zaɓi na'urar da ta dace da wannan lissafi da yanayin zafin ƙasarsa, ya ware kuɗin waya mai kauri da fis da ladan ƙwararre. Mai sari kuwa, wanda ya iya yi wa abokin ciniki wannan lissafi a kan takarda kafin ya miƙa masa kwali, shi ne zai riƙe kasuwa a lokacin da kowane mai saye ke ƙirga Nairarsa sau biyu kafin ya fitar da ita.